Mako Uku na Farko: Yadda Ciki Ke Kamawa a Jikin Saniya da Darasinsa ga Masu Kiwo a Gaya

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa a bakin masu shanu, ko a karar Gaya, ko a ta Tanda, ko a tsallaken iyaka a Kamba. Bijimi ya hau saniya a kan idon kowa, an koma gida ana lissafin watan haihuwa, amma bayan mako uku sai ga ta tana kuka tana bin ƴan'uwanta, ta dawo neman barbara. Me ya hana ta ɗauka? Wani ya ce juya ce, a kai ta kasuwa. Wani ya ɗora laifin a kan bijimi. Wani kuma ya ce lokacinta ne bai yi ba, a bar wa Allah.

Binciken masana dabbobi ya ƙara wata amsa da ba a cika jin ta a ruga ba. Sau da yawa saniyar ta ɗauka, cikin ne ya lalace tun bai kai girman da ido zai gan shi ba. A Turai, musamman ƙasar Ayalan inda aka daɗe ana bin diddigin wannan al'amari, an gano cewa idan aka yi wa lafiyayyun shanu 100 barbara a kan lokaci, ƙwai yakan haɗu da maniyyi a jikin kusan 90, amma masu kaiwa ga haihuwa ba su cika wuce 55 ba. Mafi yawan asarar kuma tana aukuwa ne kafin a cika mako uku. Wannan fa lissafin shanu ne masu kwana da ƙoshi. To ina ga wadda ta sha bazarar Gaya tana tsintar kara a gonar da aka riga aka kwashe?

Duk mai son garkensa ya yaɗu, da duk hukumar da ke maganar inganta irin shanu, ya kamata su fara da sanin abin da ke gudana a waɗannan kwanaki.

Ƙasar ruwa, amma ciyawa sai da tafiya

Gaya, a kudancin jihar Doso, tana cikin yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Kogin Kwara ne ya raba ta da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuwa tana nan kusa ta gabas. Dallol Mawri da Dallol Foga sun gangaro mata daga arewa da fadamunsu da dazuzzukan giginya, ga kuma gishirin Foga da makiyaya suka daɗe suna bai wa dabbobinsu. A bakin kogi akwai burgu, ciyawar da ke riƙe shanu idan tudu ya bushe.

Shanun da ake gani a nan masu tozo ne: Jalli na bakin kogi, Bokolo masu gajeren ƙaho da suka shigo ta ƙasar Sakkwato da Kebbi, jajaye masu dogon ƙaho na Fulani masu tafiya, da Azawak da ake so saboda nono. Wannan yana da muhimmanci, domin mafi yawan abin da aka rubuta a littattafan kiwo an auna shi ne a jikin shanun Turai marasa tozo, kuma akwai wuraren da halayen jinsunan biyu suka saɓa.

Albarkar ruwan kuma ita ce ta jawo ƙuncin. Da damina gonaki sukan cinye fili, sai garke ya nisanci shuka. Da rani al'ada ita ce a gangara kudu, a tsallaka Benin ko a shiga Najeriya. A watan Disamba na 2019 gwamnatin Benin ta hana shigowar garkunan ƙetare, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil ta daɗe a rufe. Duk hanyar da aka toshe, a jikin saniya ake ganin sakamakonta, daga baya kuma a yawan maruƙa.

Zagayen kwana 21

Saniyar da ta balaga, tana da lafiya kuma ba ta da ciki, jikinta yana zagaye ne na kimanin kwana 21. Yakan ragu zuwa 18, yakan kai 24. A kowane zagaye, wani ɗan ƙunshin ruwa yana girma a ɗaya daga cikin ma'ajiyar ƙwai biyu da take da su, da ƙwai guda a cikinsa. Wannan ƙunshi shi ke zuba sinadarin istirojin a jini, kuma shi ne ke haifar da alamomin da kowane makiyayi ya sani: kuka, rashin natsuwa, rage kiwo, raguwar nono, kumburin gaba, da farin yauƙi mai tsabta da ke zuba yana manne wa wutsiya. Takan hau ƴan'uwanta. Amma alamar da ba ta ƙarya ita ce ta tsaya cak a hau ta, ba ta gocewa.

A shanun Turai wannan tsayuwa takan ɗauki awa 12 zuwa 18. A masu tozo ta fi gajarta, sau da yawa awa goma ko ƙasa da haka, kuma takan faɗo cikin dare. Wata ma sai ta saki ƙwai ba tare da wata alama a fili ba. Inda bijimi ke kwana cikin garke wannan ba damuwa ba ce, hancinsa ya fi idon mutum. Damuwar tana wurin mai saniya ɗaya ko biyu a ɗaure a bayan gida, wanda sai ya ga alama sannan ya tafi neman aron bijimi.

Ƙwan ba ya fitowa lokacin da take tsaye. Yakan fito ne bayan ta daina, wajen awa 25 zuwa 30 daga fara tsayuwar. Da zarar ya fito, kwanansa bai kai ɗaya ba: bayan awa takwas zuwa goma sha biyu ya fara tsufa. Shi kuwa maniyyi yana buƙatar wajen awa shida a jikin saniya kafin ya iya huda ƙwai, kuma yakan rayu kimanin kwana guda. Ke nan maniyyi ne ya kamata ya riga zuwa ya jira a cikin bututun ƙwai. Idan aka makara, ko dai haɗuwar ba za ta yiwu ba, ko kuma tsohon ƙwai ya karɓi maniyyi ya ba da ɗan tayi mai rauni da ba zai kai ko'ina ba.

Kwana ɗaya zuwa uku bayan barbara, wasu shanu, musamman karsana, sukan zubar da ɗan jini. Wannan jini bai nuna ta ɗauka ba, bai kuma nuna ta zubar ba. Abin da kawai yake faɗa shi ne lokacin ya wuce, a fara ƙirga kwanaki.

Saƙon da dole ya isa a kan kari

A gurbin da ƙwai ya fita, wani rawayan ƙullutu yana tsirowa. Mahauta sun san shi, suna ganinsa a jikin ma'ajiyar ƙwai idan sun feɗe saniya. Aikinsa zuba sinadarin firojestaron, wanda ke kwantar da mahaifa, ya sa ta fitar da ruwan abincin ɗan tayi, ya kuma hana saniya sake neman bijimi. Muddin wannan ƙullutu yana raye, ciki yana da wurin zama.

Sai dai mahaifa ba ta barinsa haka kawai. Wajen kwana na 16 ko 17, idan ba ta ji alamar komai a cikinta ba, sai ta saki wani sinadari, furostagilandin, wanda ke narkar da ƙullutun. Firojestaron ya faɗi, sabon ƙwai ya nuna, ranar 21 saniya ta sake tsayawa. Abin da zai hana wannan guda ɗaya ne: ɗan tayi ya sanar da uwarsa yana nan kafin wa'adin ya cika.

Ga yadda tafiyarsa take. Bayan haɗuwa a bututun ƙwai, ƙwayar halitta guda ta rabu biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. A kwana na huɗu ko na biyar ya gangara cikin mahaifa. A kwana na bakwai ya zama ɗan dunƙule mai ƙwayoyi ɗari da ɗoriya, faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Wajen kwana na tara ya fasa ɓawon da ke lulluɓe da shi. Daga kwana na 13 sai wani abin mamaki ya fara: fatar da ke kewaye da shi ta riƙa miƙewa da sauri, daga ƴan milimitoci har ta haura santimita 20 kafin kwana na 19, siririya, tana bin tsawon reshen mahaifa. Duk wannan lokaci bai manne da uwar ba, yana yawo ne yana shan ruwan da mahaifa ke tsattsafo masa.

Wannan doguwar fata ita ce ke fitar da saƙon. Tsakanin kwana na 15 da na 17 takan zuba wani sinadari da masana suka sa wa suna intaferon taw, shi ne ke hana mahaifa sakin abin da zai narkar da ƙullutun. Wani masani ɗan Ingila, Roger Short, shi ya fara kiran wannan mataki da sunan gane ciki da jikin uwa ke yi, a 1969. A 1987 kuma Michael Roberts da Kazuhiko Imakawa da abokan aikinsu a Jami'ar Misuri ta Amurka suka bayyana ainihin sinadarin, a binciken da suka yi kan tumaki.

A nan ne asarar ta fi yawa. Ɗan tayin da ya fito daga ƙwai mai rauni, ko wanda mahaifa ba ta ciyar da shi sosai ba saboda ƙarancin firojestaron, girmansa yakan yi jinkiri. Ranar 16 ta same shi gajere, saƙonsa bai isa ba. Mahaifa ta ci gaba da aikinta kamar babu kowa, saniya ta dawo neman barbara ranar 21 daidai, mai ita kuma ya ce ba ta ɗauka ba.

Wanda ya tsallake wannan mataki yakan fara mannewa daga wajen kwana na 20. Kafin kwana na 42 gaɓoɓinsa sun fito, kuma an fara ƙulla waɗannan ƙulle-ƙulle da ake gani a jikin mabiyiya bayan haihuwa, waɗanda yawansu kan kai 70 zuwa 120. Daga nan haɗarin ya ragu sosai, sai jiran cikar wata tara da ƴan kwanaki. Shanu masu tozo sukan ɗan zarce na Turai, su kai kwana 285 zuwa 292.

Tsarin ɗan Adam daban ne. Nasa tayin yana nutsewa a jikin mahaifa da wuri, kuma sinadarin da yake aikawa yana fita a fitsari. Shi ya sa tsinken gwajin ciki na mata da ake sayarwa a kantin magani ba ya aiki a kan saniya.

Karatun kwanaki

Wannan ilimi yana da amfani ko ga wanda bai taɓa ganin madubin likita ba, muddin yana riƙe ranar barbara. Kwana 21 kasuwa uku ke nan. Wanda saniyarsa ta tsaya ranar kasuwar garinsu, ya sa mata ido a kasuwa ta uku, da sassafe da kuma bayan magariba.

Idan ta dawo tsakanin kwana 18 da 24, ko dai haɗuwar ba ta yiwu ba, ko tayin ya mutu kafin ya aika saƙo. A duba lokacin da aka yi barbarar, a duba bijimin, a duba jikinta. Idan ta dawo a wani lokaci maras tsari, kamar kwana 28 ko 33, alama ce tayin ya aika saƙonsa sannan ya mutu, sai a yi zargin cuta, zazzaɓi, ko wahalar tafiya. Idan kuwa sai wajen kwana 42 ta dawo, mai yiwuwa ta nema a kwana na 21 cikin dare ba a gani ba.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutane a ƙasarmu: rashin dawowa ba hujjar ciki ba ce. Ramammiyar saniya tana iya daina zagayen gaba ɗaya. Mai ita yana murna ta ɗauka, sai wata shida ya wuce ciki bai fito ba.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Jikin saniya yana raba abin da ta ci ne bisa tsari: na farko rayuwarta, na biyu nonon ɗan da ke bin ta, sabon ciki ne na ƙarshe. Idan abinci ya gaza, ƙwaƙwalwa takan rage aika umarnin da ke nunar da ƙwai, zagayen ya tsaya. Ko ya dawo, ƙwan da ya yi watanni yana girma cikin yunwa ba ya da ƙarfi, domin ƙunshin da zai fashe yau ya fara tasowa tun wata biyu zuwa uku da suka wuce. Yunwar Afrilu tana iya ɓata barbarar Yuni.

A ɗora wannan a kan kalandar Gaya. Shanu sun fi cika jiki daga tsakiyar damina zuwa kaka, don haka a lokacin ne suka fi ɗauka. Wadda ta ɗauka a tsakiyar Agusta za ta haihu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Wata ukun ƙarshe na ciki, lokacin da ɗan yake yin mafi yawan nauyinsa, sun faɗo ke nan a Maris, Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara. Ta haihu a rame, nono ya ƙara tsotse ta. Kafin ta haifi ɗa kowace shekara, dole ta sake ɗauka cikin kwana 73 zuwa 80 bayan haihuwa, alhali mahaifa kaɗai tana buƙatar wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta koma daidai. Idan jikinta bai farfaɗo ba kafin ciyawa ta bushe, sai wata daminar. Wannan shi ne asalin abin da aka saba gani a garkunanmu: karsana ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara huɗu ko fiye, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A al'adar haɓɓanaye ta Fulani, inda ake ba ɗan'uwa aron karsana ya riƙe ƴaƴanta, a wurare da yawa har haihuwa uku, sannan ya mayar da uwar, saniya mai haihuwa kowace shekara za ta tayar da gida cikin shekara uku. Mai tsallake shekara sai an jira biyar ko shida.

Abin da wannan ke koyarwa shi ne a zaɓi bakin da za a ciyar. Harawar wake da ta gyaɗa, dusa, angurya, ƴaƴan gawo da burgun da aka yanka aka adana ba za su ishi garke duka ba. Masu tsohon ciki da masu sabuwar haihuwa su ne kan gaba, tare da gishiri da kanwa. Tsotson maraƙi ma yana jinkirta dawowar zagaye, kuma shanu masu tozo ba sa sakin nono sai ɗan yana kusa. Masana sun gwada ware maraƙi na awa 48, ko taƙaita tsotso zuwa sau ɗaya ko biyu a rana, suka ga yana taimakawa, amma ga saniyar da ke da ɗan jiki kawai. Wannan shawara ce da ba za a yanke ba sai da matan gida, domin ƙwaryar nono tasu ce, kuma da ita ake cefane.

Zafi da cuta

A watannin Afrilu da Mayu zafin Gaya yakan haura digiri 40. Idan zafin jikin saniya ya tashi a ranar barbara da ƴan kwanakin da ke biye, tayin da bai wuce ƙwayoyi biyu zuwa takwas ba yana iya lalacewa. Shanu masu tozo sun fi na Turai juriya a wannan fage, har a matakin tayi, kuma wannan gado ne da bai kamata a yi wasa da shi ba. Duk da haka, doguwar tafiya da tsakar rana da ƙishirwa a makon farko bayan barbara caca ce.

Zazzaɓi yana yin irin wannan ɓarna. Sammore, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa a dazuzzukan kudu da bakin ruwa, yana shanye jini ya tsayar da zagaye. Tsutsar hanta da ake ɗauka a fadamu tana ramar da dabba a hankali. Ciwon baki da kofato yana zuwa da zazzaɓi ya kuma hana kiwo. Bakkale nasa salon daban ne: yana barin ciki ya tsufa sannan ya jawo ɓari, galibi daga wata na biyar zuwa sama, ya bar mabiyiya a maƙale, kuma yana kama mutum ta ɗanyen nono da taɓa abin ɓari da hannu. Abin ɓari a binne shi da zurfi, nono kuma a tafasa.

Rabin garke

Saniya ɗaya idan ta gaza, asarar maraƙi ɗaya ce. Bijimi idan ya gaza, asarar shekara ce ga kowa. Maniyyi yana ɗaukar kimanin kwana 60 kafin ya nuna, don haka bijimin da ya yi zazzaɓi mai tsanani yana iya warkewa, ya ci gaba da hawa da ƙarfinsa, amma ya yi wata biyu ba ya ba da ciki. Idan shanu da yawa suka dawo tare a kwana na 21, shi za a fara tuhuma. Ƙa'idar da aka saba ita ce babban bijimi ɗaya ga shanu 25 zuwa 30.

Akwai kuma cututtuka biyu, tirkomonas da kamfilobakta, da bijimi ke ɗauke da su ba tare da wata alama ba, yana raba su daga saniya zuwa saniya. Aikinsu kashe tayi a makonnin farko. Bijimin aro, da cakuɗuwar garkuna a mashaya da mashekari, su ne hanyarsu.

Fulani sun daɗe da sanin zaɓen bijimi ta duba nonon uwarsa da asalin gidansu, suna fiɗiye sauran. Abin da ya kamata a ƙara a kai shi ne duba saurin haihuwar uwar, da sauya bijimi kafin ƴaƴansa mata su isa barbara. Haka nan idan saniya ta haifi tagwaye mace da namiji, fiye da 90 cikin 100 na irin waɗannan mata juya ne, saboda jininsu ya gauraya tun a ciki. Ba a ajiye su don iri.

Barbarar zamani

Tun bayan 1949, da Christopher Polge da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa sinadarin gilisarol yana kare maniyyi daga mutuwa a ƙanƙara, ya zama ana iya adana irin bijimi shekara da shekaru. Yau ana ajiye shi cikin ƴan siraran tsinkaye a tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, a narkar da shi a ruwan ɗumi, a ɗura shi bayan bakin mahaifa. Zuba ɗaya na bijimi yana isar shanu fiye da ɗari.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tashar Tukunus da ke yankin Filinge tana zaɓen Azawak tun 1954, kuma a can aka kafa ɗakin tara maniyyi da haɗin gwiwar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Torino ta Italiya. Akwai tashar shanun nono ta Kirkisoy a Yamai. A Najeriya kuma cibiyar binciken dabbobi ta Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana wannan aiki.

Amma tsinken maniyyi bai canza ko ɗaya daga cikin dokokin da aka zayyana a sama ba, sai ma ƙara tsananta su da ya yi. Maniyyin da aka narkar bai kai na bijimi daɗewa ba, don haka lokaci ya ƙara ƙurewa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce wadda aka ga ta tsaya da safe a ɗura mata da yamma, wadda aka gani da yamma a ɗura mata washegari da safe. Ga saniyar da ke tsayawa cikin dare a rugar da ke nesa da titi, wannan da wuya. Ga kuma tulun naitirojin da dole a riƙa cika shi, alhali tsakanin Gaya da Yamai wajen kilomita 300 ne.

Mafitar da aka samu ita ce daidaita zagayen da allurai da wani abu mai firojestaron da ake sa wa saniya na ƴan kwanaki, sannan a ɗura wa shanu da yawa a rana ɗaya ba tare da jiran alama ba. Ƙasar Barazil tana yi wa miliyoyin shanu masu tozo haka kowace shekara, kuma ko a can, da kiwo mai tsari, kusan rabi ne ke ɗauka a karo guda. Sakamakon kuma yana bin jikin saniyar: masu ƙiba sun fi ɗauka, ramammu sun fi dawowa. Ɗura irin waje mai tsada a jikin ramammiyar saniya daidai yake da binne iri a busasshiyar ƙasa.

Batun jinsi ma yana son natsuwa. Ruwa-biyun shanun Turai irin Holstein ko Brune yana ba da nono da yawa inda akwai inuwa, ruwa, abinci da magani, kamar gidajen kiwo na gefen gari. Amma gwargwadon ƙaruwar jinin Turai, gwargwadon raguwar juriyar zafi da ta kaska, kuma a ɗaukar ciki ake fara ganin hakan. Ga garken da ke tafiya, zaɓaɓɓen Azawak ko Bokolo ko Jalli ya fi kusa da hankali.

Sanin ciki da wuri

Ƙwararren likitan dabbobi yana iya gane ciki da hannu ta dubura daga kwana 35 zuwa 45, na'urar hoton ciki kuma tana ganinsa daga kwana 28. Wannan aiki mai sauƙi yana tare asara iri uku. Yana bayyana wadda ba ta da komai tun damina ba ta ƙare ba, a sake gwadawa. Yana hana a sayar wa mahauta saniya mai ciki, abin da binciken mayanka a Nijar da Najeriya ya sha nunawa yana faruwa, musamman da bazara lokacin da ake sayar da dabba don sayen hatsi. Yana kuma kare ciki daga allurar ganganci: furostagilandin da ake amfani da shi wajen daidaita zagaye yana zubar da ƙaramin ciki, dekzametazon da ake samu a kasuwanni kuma yana iya zubar da tsoho.

Abin da ya kamata a sa gaba

Idan aka jera matakan bisa nauyinsu, tsarin a fili yake. Abinci ga mai tsohon ciki da mai jego shi ne na ɗaya. Riƙe ranar barbara da sa ido a kasuwa ta uku shi ne na biyu, kuma ba ya cin ko dala. Lafiyar bijimi da rigakafin garke na uku. Duba ciki da wuri na huɗu. Sabon iri, ko na gida ko na waje, yana zuwa ne bayan waɗannan, domin sai ciki ya zauna sannan ake maganar wane ne ubansa.

Wannan yana nufin aikin bai tsaya a hannun makiyayi da likita ba. Kare burtali da makiyaya daga gonaki, raya burgu a bakin kogi, kafa rumbunan abincin dabbobi da za su buɗe tun Maris, da sasanta batun tsallaka iyaka da Benin da Najeriya, duk matakan haihuwar shanu ne, ko da ba a rubuta su da wannan suna ba. Shirin inganta iri da za a kawo Gaya, a auna shi da yawan maruƙan da aka yaye, a daina auna shi da yawan tsinkayen da aka ɗura.